Hutun Ain Sokhna: Ruwan Teku Ba Ya Raga Wa Waya

Idan hutu ya faɗo ranar Alhamis a Masar, ya haɗu da Juma'a da Asabar, ɗaliban Najeriya da ke Alƙahira kan yi karo-karo su ɗauki shatar mota zuwa Ain Sokhna, bakin Bahar Maliya, tafiyar kusan kilomita 120. Wasu sukan shiga ruwa da waya don ɗaukar hoto, sun dogara da alamar IP68. Amma da ruwan daɗi ake wannan gwajin. A wayoyin Samsung, zurfin mita 1.5 na minti 30. Gishiri kuwa yana cin ramin caji, kuma garanti ba ya biyan ɓarnar ruwa. Jakar roba mai hana ruwa shiga ta fi sabuwar waya araha.