Yadda za ka haɗa kayan sauti a gida ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Duk wanda ya taso a shekarun 1980 zuwa 1990 zai tuna falon da ake ajiye rediyo mai kaset a cikin kabad ɗin gilashi, ga manyan lasifika biyu dama da hagu, an lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙura. Idan aka sa kaset ɗin Mamman Shata, kalangu kan cika ɗakin, muryar 'yan amshi ta fito tar.

A yau waƙoƙin da ke cikin wayar mutum guda sun fi na shagon mai kaset yawa, amma akasari ta ɗan ramin lasifikar waya ake jin su, inda rabin kiɗan ke ɓacewa. Wanda ya gaji da hakan kuma sai ya nufi kasuwa ya sayo ƙaton akwati mai fitilu masu walwali, kafin shekara ta zagayo ya fara kwarkwar.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi a aljihu: ka sayi kayan ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa da kanka.

Abu uku kacal ake buƙata

Na farko shi ne inda waƙar za ta fito, kuma wayar hannunka ta wadatar. Na biyu amfilifaya, wadda ke ƙara wa sautin ƙarfi. Na uku lasifika biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu.

Wannan rabuwa ta dama da hagu ita ake kira sitiriyo. Wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar fasahar a 1931. Idan kowace lasifika ta ɗauki nata ɓangaren, kunne kan ji kamar mawaƙin na tsakiya, makaɗa na gefe da gefe. Ƙaramar lasifikar Bluetooth guda ɗaya ba ta iya ba da wannan faɗin, komai ƙararta.

Lasifika ce ta fi cancantar kuɗinka

A cikin ukun nan, lasifika ce ta fi tasiri a kan abin da kunne zai ji, don haka ita ya kamata ta ci kaso mafi tsoka. A nan kayan hannu ke da rana. A kasuwanni irin su Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas ana samun tsofaffin lasifikan Sony da Pioneer da Kenwood da Technics, waɗanda da yawansu sun fi sababbin roba na araha inganci.

Kafin ka biya, cire ragar gaban ka duba zoben da ya kewaye faifan lasifikar. Idan na soso ne, zafi da tsufa kan sa ya ruɓe ya marmashe. Sai ka danna faifan a hankali da yatsu. In ka ji yana gogar wani abu, wayar da ke naɗe a ciki ta lalace, bar ta.

Ka tafi da ƙaramin batir mai bolt 1.5, irin na tocila. Taɓa shi a wayoyin bayan lasifikar na ɗan lokaci kaɗan, za ka ga faifan ya motsa idan tana da rai. Ɗaga akwatin ka ƙwanƙwasa: na katako mai nauyi ya fi mai sauƙi da ke amsa kuwwa. Daga ƙarshe ka nemi a kunna maka waƙar da ka haddace, ba wadda mai shago ya zaɓa ba.

Kada lambar wat ta ruɗe ka

Za ka ga an rubuta wat 3,000 ko 5,000 a jikin kwali, a gefe kuma haruffan PMPO. Wannan lamba ta talla ce, ba ta da wani ma'auni tsayayye. Wadda za ka nema ita ce mai RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

A ɗaki ko matsakaicin falo, wat 20 zuwa 50 na RMS a kowane gefe sun isa. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninka.

Yanzu akwai ƙananan amfilifaya da ake kira Class D, girmansu bai wuce tafin hannu ba, ba sa cin wuta sosai kuma ba sa zafi. Da yawansu na amfani da guntun TPA3116 na kamfanin Texas Instruments, wasu ma da Bluetooth a jikinsu. Duba bayan lasifikarka, za ka ga an rubuta om 4 ko 6 ko 8, sai ka tabbatar amfilifayar na ɗaukar lambar. Kada ka jona lasifika biyu ko uku a rami ɗaya, domin hakan na jawo mata zafi har ta ƙone.

Matsalar wuta

Wutar Najeriya bolt 230 ce. Tsohuwar amfilifayar da aka ƙera don kasuwar Japan bolt 100 take sha, ta Amurka kuma 120. Idan ka jona irinta kai-tsaye a soket, nan take za ta ƙone. Karanta rubutun bayanta, in ba ta dace ba sai da taransifoma mai rage wuta.

Ƙananan na Class D kuwa suna aiki da bolt 12 zuwa 24, don haka batirin sola na iya ɗaukarsu ko an ɗauke wuta, sai dai ƙarfinsu kan ragu a bolt 12. Cajar laftof mai bolt 19 ma kan yi, idan bakinta ya dace. In da wutar Nepa ko janareta za ka yi amfani, sa sitabilaiza, kuma ka zare soket da zarar an ɗauke wuta, domin dawowarta da ƙarfi ke kashe kaya.

Gyaran da ba ya cin ko kwabo

Ka jona ja da ja, baƙi da baƙi a duka ɓangarorin. Idan ka juya gefe ɗaya, amon ganga zai yi rauni, ka ɗauka lasifikar ce ba ta da kyau. Ba sai ka sayi kebul mai tsada ba, wayar jan ƙarfe mai ɗan kauri ta isa.

Ka ajiye lasifikan ta yadda tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa inda kake zama. Ɗaga su daidai kunnenka, ka janye su kaɗan daga bango da kusurwa. Ɗakin tayil mai bango tsirara kan yi amsa kuwwa, amma darduma da labule da kujerun kushin na rage ta. Lokacin hunturu ka riƙa lulluɓe kayan idan ba a amfani da su.

Waƙar kanta ma tana da nata. Fayil ɗin da aka matse ƙwarai, ko aka naɗo daga rediyo, ba zai gyaru ba don an sayi lasifika mai kyau. Nemi MP3 mai lamba 256 ko 320 idan akwai. Da yawa daga tsofaffin waƙoƙin su Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos layin sauti ɗaya gare su, don haka duka lasifikan abu ɗaya za su fitar, kuma wannan ba laifin kayanka ba ne.

Sai batun kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako suna sauraron ƙarar desibel 80. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa, gare ka da maƙwabta.

Ba dole ba ne ka sayi komai rana ɗaya. Fara da lasifika biyu masu lafiya, ka ƙara da ƙaramar amfilifaya idan kuɗi ya samu. Duk ranar da ɗaya ya lalace, shi kaɗai za ka kai wa mai gyara, sauran na nan suna jira.