Harsashin da bai zo kotu ba

Ran 4 ga watan Yuni na shekarar 1996, da safe, wasu mutane cikin mota suka tare Hajiya Kudirat Abiola a unguwar Oregun ta birnin Ikko, suka buɗe wa motarta wuta. Harsashi ya same ta a ka, ta cika a asibiti a wannan rana, direbanta ma bai kai labari ba. Haifaffiyar Zariya ce, matar Alhaji Mashood Abiola, attajirin nan da ake ɗauka shi ya ci zaɓen 12 ga watan Yuni na 1993 wanda soja suka soke, wanda kuma a lokacin yake tsare a hannun gwamnatin Janar Sani Abacha.

Bayan shekara 15 da ƴan watanni, ran 30 ga watan Janairu na 2012, babbar kotun Jihar Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin marigayi Abacha, hukuncin kisa ta hanyar rataya, shi da Lateef Shofolahan, wani na kusa da mamaciyar. Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba, ran 12 ga watan Yuli na 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta sallame su. To mai karatu zai ce: yaya kundi guda, shaidu guda, za su kai mutum gindin igiya a gaban wannan alƙali, su kuma buɗe masa ƙofar kaso a gaban waɗancan? Amsar tana can inda jini ya zuba, tun ranar farko.

Abin da wurin kisa ke faɗa

Masu bincike sun ce gawa da wurin da ta faɗi su ne shaidun da ba su karɓar toshiyar baki, amma kuma maganarsu ba ta daɗewa. Ƙa'ida ita ce a killace wurin kafin ƴan kallo su tattake shi, a ɗauki hoto, a tsince kwanson harsashi, a auna inda kowane ya faɗi, likita ya binciki gawa ya rubuta abin da ya gani, sannan a rufe kowane abu cikin ambulan a buga hatimi, a rubuta sunan duk wanda ya bi ta hannunsa har ya iso gaban alƙali. Dalilin kula da harsashi kuwa shi ne, cikin bututun bindiga akwai zane mai murɗawa, kuma kowace bindiga tana barin nata tambari a jikin harsashin da ya fita daga cikinta, kamar yadda yatsa ke barin nasa a jikin takarda. In an sami harsashi an sami bindiga, gwani na iya cewa wannan daga wannan ya fito. In harsashi ya ɓace, sai a koma ga bakin mutane, baki kuwa shi ke yanka wuya.

Abin da ya faru ke nan a shari'ar Kudirat. An kama Al-Mustapha cikin watan Oktoba na 1998, wata huɗu bayan rasuwar Abacha, aka yi ta jan shari'a, yau ɗagewa gobe canjin alƙali. Da aka zo ga hujja, mutum huɗu ne kaɗai masu ƙara suka gabatar, kuma a kan biyu daga cikinsu aka ɗora ginin baki ɗaya. Na farko shi ne Saje Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Saje Rogers, wanda ya ce shi ya harbi matar bisa umurnin Manjo. Na biyu Muhammad Abdul, mai laƙabi Katako, wanda ya ce shi ya tuƙa motar maharan. Amma da lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka titsiye su da tambaya, sai duka biyun suka janye maganarsu, suka ce an koya musu abin faɗi ne tare da alkawarin alheri. Katako har ya ce ranar da aka yi kisan ma ba ya Ikko.

Mai shari'a Mojisola Dada ta kotun farko ta ga cewa maganarsu ta fari ita ce gaskiya, janyewar kuwa shiri ne, ta yanke hukunci a kan haka. Alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara, a ƙarƙashin Mai shari'a Amina Augie, suka ce shaidan da ya faɗi magana ya kuma ƙaryata kansa ba a rataye mutum da bakinsa, sai in akwai wani abu a hannu da ke tabbatar da ɗaya daga cikin maganganun biyu. Wannan abu shi ne babu. Harsashin da aka ce an ciro daga kan mamaciyar ba a kawo shi gaban kotu ba, alƙalan kuma suka soki yadda ƴan sanda suka gudanar da binciken. Al-Mustapha ya fito bayan kusan shekara 15 a tsare, jama'a suka yi cincirindo a Kano wajen tarbarsa. Iyalan Kudirat kuwa suka wayi gari da kabari amma babu mai laifi. Kowane ɓangare na ganin shi aka zalunta, kuma abin da zai raba gardama ƙarfe ne da bai kai girman gyaɗa biyu ba.

Rubutu da jini a jikin ƙofa

Kada a ce wannan ciwo na ƙasashen da ba su da kayan aiki ne kaɗai. Duk wanda ya yi lakkol a nan ya ji labarin Omar Raddad, mutumin Maroko mai aikin lambu a kudancin Faransa. Ran 24 ga watan Yuni na 1991, jandarmomi suka tarar da gawar uwar ɗakinsa, Ghislaine Marchal, mai shekara 65, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta a garin Mougins. A jikin wata ƙofa an rubuta da jininta «Omar m'a tuer», wato Omar ne ya kashe ni. Ga dukkan alamu gawa ce ta faɗi sunan makashinta, me ya rage?

Sai ga shi kowace hujja tana da fuska biyu. A rubutun akwai kuskuren nahawu wanda ko ɗan aji shida na firamare zai sha jan biro a kansa, domin «tuée» ya kamata a rubuta. Lauyoyin Omar suka ce mace mai ilimi irinta ba ta yin wannan kuskure, wani ne ya rubuta don ya ɗora wa bawan Allah. Masu ƙara suka kawo wasu takardunta da suka ce akwai irin kuskuren a ciki. An tarar da ƙofar ɗakin a tokare daga ciki da gadon ninkewa da sandar ƙarfe: waɗannan suka ce ita ta tokare bayan fitar maharin, waɗancan suka ce ana iya shirya tokarar daga waje. Rahoton likitoci ya nuna ta mutu ran 24, ranar da Omar ke da shaidar inda yake, daga baya aka gyara aka ce ran 23, wai kuskuren mai buga tafireta ne. Ba a sami jini a tufafinsa ba. Mafi muni, ƴan kwanaki bayan kisan aka ƙone gawar, ƙofar sake bincike ta rufe har abada.

Cikin watan Fabrairu na 1994 kotun birnin Nice ta ɗaure shi shekara 18, duk da ƙoƙarin lauyansa Jacques Vergès. Shugaba Jacques Chirac ya rage masa wa'adi a 1996, ya fita kaso a 1998. Gwajin ƙwayar halitta, wanda ake kira ADN, ya gano alamun wasu maza a jikin ƙofofin, babu na Omar a ciki, amma tun da ba a san lokacin da suka taɓa wurin ba, kotu ta ƙi sake shari'ar a 2002, ta sake ƙi a watan Oktoba na 2022. Ahuwa dai ba wankewa ba ce.

Mu fa a Yamai?

Mu namu ya fi nasu ciwo, domin ko kotun ba a je ba. Ran 9 ga watan Afrilu na 1999 aka harbe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin sama na Yamai, da rana tsaka, a gaban idanu masu yawa. A ranar faraminista ya shaida wa ƴan ƙasa cewa haɗari ne na rashin sa'a. Kwamandan askarawan tsaron fadar, Dauda Malam Wanke, ya hau mulki, kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya yi ahuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga watan Janairu na 1996 da na 9 ga Afrilu. Sai a watan Oktoba na 2015 kotun CEDEAO ta umurci gwamnatin Nijar ta biya iyalansa miliyan 435 na sefa. Kuɗi sun share wani abu, amma ba su faɗi wane ne ya ɗana kunama ba.

Dokar da muka gada daga Faransa ta ɗora wa alƙali mai bincike nauyin nemo abin da ke kama wanda ake tuhuma da kuma abin da ke wanke shi, duka biyu. Amma alƙali ba ya gani sai da idon ɗan sanda ko jandarman da ya fara isa wurin. In an bar ƴan kallo sun tattake sawu, an wanke jini, an yi jana'iza kafin likita ya duba, to an bar talaka da amsa laifin da aka tatso a komisariya, an bar mai ƙarfi da lauyan da ya iya rusa shaida. Addini da al'ada sun ce a gaggauta kai mamaci makwancinsa, wannan gaskiya ne, amma sa'o'i kaɗan na aikin likita da mai hoto ba su hana sutura ba, suna kuma iya hana a rataye marar laifi ko a saki mai laifi. Ba a fafe gora ranar tafiya: hujjar da ba a tsince ta ran farko ba, ba a samun ta ranar hukunci.