Baranda a Kan Teku: Wa Ke Ganinka In Ka Fito Shan Iska?

Rido, nan gefen Kaduna, ba garin teku ba ne. Abin da ya haɗa mu da ruwan gishiri bai wuce bututun ɗanyen mai da ya taso daga Escravos, ya bi ta Warri, ya ƙare a matatar da aka buɗe a nan a 1980 ba. Ruwan da muka sani shi ne kogin Kaduna, shi ma da rani ya yi nisa sai duwatsunsa su fito fili. Don haka in aka ɗauko maganar zaɓen ɗaki a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, wani zai ce an rasa abin faɗi ne. Sai dai tun watan Disamba na 2024 wani jirgi irin wannan ya fara tashi daga Jidda, garin da mutanenmu ke shiga su fita duk shekara saboda Hajji da Umara. Abin da a da sai a talabijin ake gani, yanzu ga shi a kan hanyar da mai hali ya saba bi da iyalinsa.

Sunan jirgin Aroya, na kamfanin Cruise Saudi, wanda ke ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya. Ba sabo fil ba ne. An ƙera shi a Papenburg ta ƙasar Jamus a 2017 da sunan World Dream, kamfanin Hong Kong da ya mallake shi ya durƙushe a 2022, Saudiyya ta saye shi ta yi masa kwaskwarima. Tsawonsa mita 335, ɗakunansa sun haura 1,600, yana kwasar fasinja fiye da 3,000. Ba giya, ba gidan caca, abinci halal ne, akwai wurin salla. Ya fara ne da zagaya Bahar Maliya, yana yada zango a wurare irin su Sharm el-Sheikh ta Masar.

Hawa babban jirgin ruwa ba baƙon abu ba ne ga Arewa. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta ruwa zuwa Ingila, daga can ya wuce Makka ya sauke farali. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da aka riƙa turawa kwas Ingila kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, daga tashar jirgin ƙasa ta Kaduna suke kama hanyar Ikko, su shiga jiragen kamfanin Elder Dempster a Apapa, su yi kusan mako biyu kafin su ga Liverpool. Mafi shahara a cikinsu shi ne Aureol, wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 zuwa 1974. Da ya yi ritaya ma Jidda aka kai shi ya zama masaukin ma'aikata. Amma a wancan zamani isa ake nema. Wanda ya samu ɗaki mai taga ya gode Allah. Baranda ga ɗakuna masu yawa sai a 1984 ta fara zama abin yayi, da fitowar jirgin Royal Princess, kuma daga nan aka ɗora har gefen jiragen yau ya koma jerin baranda hawa kan hawa.

To, me ake sayarwa da baranda? Iska da kallon teku, haka ne. Amma ga magidanci Bahaushe, abin da dillalin tafiye-tafiye zai fi jan hankalinsa da shi shi ne sutura. "Ranka ya daɗe Alhaji, ɗakin ciki da falo ne, ga barandarsa daban, Hajiya sai ta sake abinta, ba mai ganinta." A nan ne nake da ja. Duk wanda ya zagaye gidansa da doguwar katanga a Mararrabar Rido, ya yi zaure ya sa ƙyaure, sannan maƙwabci ya zo ya tada bene tagarsa na kallon tsakar gidan, ya san katanga kaɗai ba ta sayen sirri. Abin tambaya shi ne wa ke sama da kai, wa ke gefenka, wa ke fuskantarka. Amsar ba ta cikin farashi, ba ta cikin sunan ɗakin. Tana cikin taswirar hawa-hawan jirgin, wadda kamfanoni ke sakawa kyauta a intanet, kuma ba kowa ke buɗe ta ba.

Mu fara da shingen da ke tsakaninka da maƙwabci. A yawancin jirage allo ne na ƙarfe ko makamancinsa, bai taɓa ƙasa ba, sau da yawa bai kai rufi ba, kuma ya tsaya daidai bakin dogari. Wanda ya jingina ya ɗan miƙa wuya yana ganin barandarka gaba ɗaya. Magana kuwa ba ta san da shinge ba. Hirar da kuka yi da matarka bayan isha'i, na kusa ya sha ta tas, sa'arku ɗaya in ba ya jin Hausa. Shingen nan kuma ƙofa ce, ma'aikata na da mabuɗinta.

Akwai dalili. Ranar 23 ga Maris 2006, cikin tsakar dare, wuta ta tashi a wata baranda ta jirgin Star Princess yana kan hanyar Jamaika. Masu bincike na Birtaniya sun ce mai yiwuwa guntun sigari ne da aka yar ya faɗa kan abin da ke cin wuta. Shingayen barandun na roba ne, kujerun ma haka, ga iskar tafiya tana hura wutar, kafin a ankara ta bi gefen jirgin hawa-hawa. Mutum ɗaya ya rasu, ɗakuna 79 suka tashi aiki, wasu fiye da 200 suka lalace. Bayan haka ne hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gyara doka, gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2008: shinge ya zama na abin da ba ya cin wuta, kuma a sababbin jirage ya zama ma'aikata na iya buɗe shi ta kowane ɓangare don kashe gobara. Da wannan ƙofa suke bi ranar wankin baranda in jirgi ya tsaya a tasha, su buɗe layin gaba ɗaya su bi da mesa. Sukan sa takardar sanarwa a ɗaki tun daren jiya. A karanta ta.

Wannan tsoron wuta ya shafi wani abu da ke cikin akwatin kusan kowace matar aure a ƙasar nan, wato turaren wuta. Kasko da gawayi, tsinken turare, kyandir, har dutsen guga, duk an hana shiga da su, kuma ana duba kaya da na'ura a bakin ƙofa. Na'urar jin hayaƙi da ke manne a silin ɗin ɗakin ba ruwanta da ƙamshi. Humra da turaren fesawa su ne abokan wannan tafiya. Shanya a baranda ma ba a so. Ban da batun wuta, iska na iya yin gaba da zani.

Sai wanda ke sama da kai. Wasu jirage an yi musu gini kamar matakala, hawan ƙasa ya fi na sama fitowa waje. Sanannen misali shi ne jerin jiragen Princess na zubin Grand Princess, inda barandun hawan da ake kira Dolphin ba su da rufi ko kaɗan, na hawan Caribe kuma rabi ne a rufe. Abin haushin shi ne na Dolphin ɗin ɗakuna ne da ake sayarwa da sunan ƙaramin ciki da falo, sun fi na sama da su tsada, amma duk wanda ke hawa uku ko huɗu a bisansu in ya sunkuyo yana ganin abin da ke cikin kofin shayinka. A manyan jiragen Royal Caribbean kuwa, tun daga Oasis of the Seas na 2009, akwai barandun da ba teku suke kallo ba, cikin jirgin suke kallo, wani fili mai itatuwa ko dandalin wasanni, kana kallon na tsallake yana kallonka. Su ma sunansu baranda a takardar farashi. A ɗaya gefen, wasu jiragen Carnival na da barandun da aka huda cikin ƙarfen jikin jirgin a can ƙasa kusa da ruwa. Ba su da kyan hoto, amma ido bai cika kai musu ba.

Ko an tsira daga fasinja, akwai idon aiki. Ɗakin tuƙi na da fikafikai biyu da suka zarce faɗin jirgin don kyaftin ya ga gefensa daga gaba har baya, ga kuma kyamarori da ke kallon bango saboda wanda ya faɗa ruwa. Wata dokar Amurka ta 2010 ta nemi irin waɗannan kyamarori ga jiragen da ke ɗaukar fasinja a tashoshinta, ita ce kuma ta ce tsayin dogari kada ya gaza inci 42. Dogarin nan yawanci gilashi ne. In gari ya waye jirgi ya shiga tasha, za ka iya buɗe labule ka tarar da wani jirgin a gefenku, barandunsa sun yi daidai da taku. Magana ta gaskiya, mayafin da mace za ta sa in za ta leƙa ƙofar gida, shi za ta sa a baranda, ko nawa aka biya.

In haka ne, ina amfanin ɗaki mai tsada? Yana da shi, amma a cikin ɗakin yake. Ɗakin baranda na gama-gari bai cika wuce murabba'in mita 16 zuwa 19 ba. Gado ya cinye rabi, da ƙyar darduma ɗaya ke shimfiɗuwa. Ciki da falo na gaske na ba da wurin jam'i da iyali, da inda za a karɓi abinci ba tare da ma'aikaci ya shigo kan gado ba. Sai a tambaya: tsakanin cikin da falon ƙofa ce, labule ne, ko kuwa doguwar kujera kawai aka ajiye aka canja wa ɗakin suna? Awon da aka rubuta, har da baranda aka haɗa? Mai 'ya'ya manya kuma ya lissafa ɗakuna biyu masu ƙofar tsakiya. Sau da yawa sun fi sauƙi, ga banɗaki biyu. Amma wanda ba ya buƙatar ƙofar tsakiyar ya guji ɗakin da ke da ita, don ta nan muryar baƙo ke shigowa.

Manyan kamfanoni sun ƙirƙiro wata dabara, unguwar masu kuɗi a cikin jirgi. MSC ta fara tata, Yacht Club, a 2008: ƙofa sai da kati, wurin cin abinci daban, wurin ninƙaya daban, da hadimi mai kula da ɗaki. Wannan na raba ka da cunkoso, ba ya raba maza da mata. Kuma an ɗora ta a can sama ta goshin jirgi, inda tangaɗi ya fi yawa. Jirgi na sunkuyawa ya ɗago ne a kan tsakiyarsa, don haka goshi da ƙeya su ke shan wuya, kuma duk hawan da ka ƙara, lilon hagu da dama na ƙaruwa. Fikafikan da ke fitowa ƙarƙashin ruwa na rage lilon gefe, ba su iya komai a kan sunkuyon gaba. Jiri da tashin zuciya na zuwa ne in can cikin kunne ya ji motsi alhali ido na ganin bango a tsaye; kallon inda sama ta haɗu da ruwa na sasanta su, kuma wannan kam amfanin baranda ne na gaske. Wanda mota ke sa shi amai tsakanin Kaduna da Zariya, ya nemi tsakiyar jirgi, hawan ƙasa-ƙasa, ya riƙe sauran kuɗinsa.

A duba abin da ke bisa ɗakin da ƙarƙashinsa. In dandalin ninƙaya ne a sama, jan kujeru zai tashe ka tun kafin asuba. In zauren kiɗa ne a ƙasa, sai tsakar dare. Ɗakin da ke da ɗakuna sama da ƙasa shi ne mai barci. Zafi ma abin lissafi ne: a jirage da yawa, da ka buɗe ƙofar baranda na'urar sanyaya ɗaki ke tsayawa, kuma gumin Bahar Maliya a watannin zafi ba na zaman waje ba ne. Aroya kansa a tsakiyar 2025 Bahar Rum ya koma, yana tashi daga Istanbul.

Ƙananan abubuwa da takardar talla ba ta faɗi. A jiragen Turawa ba kasafai ake samun mesar tsarki a banɗaki ba, a tafi da buta. Abincin halal ma a can sai an nema tun lokacin biyan kuɗi. Alƙibla na juyawa da juyawar jirgi, kuma ƙarfen jirgin na rikita kamfas ɗin waya. Tashar talabijin ta ɗaki da ke nuna taswira da inda aka dosa ta fi abin dogaro. Farashin da aka rubuta na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin biyu za su kwana a ɗakin, kuma kamfanoni da yawa na ƙara kuɗin ihsanin ma'aikata a kan kowane kai kowace rana, na ciki da falo ya fi yawa. Intanet sai an saya. Yawancinsu ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 kafin a dawo, ko jaririn da bai kai wata 6 ba, abin lura ga masu shirin tafiya bayan biki ko suna. Mai fasfo na Najeriya kuma ya binciki bizar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, ko da bai yi niyyar sauka ba.

Akwai wani rangwame da dillalai ke so, inda za ka biya kuɗin rukunin ɗaki amma kamfani ne zai zaɓa maka lamba daf da tafiya. Ragowar da masu duba taswira suka bari ita ake rabawa a nan: wanda kwale-kwalen ceto ya tare masa gaba, wanda ke ƙarƙashin kicin, wanda ba shi da rufi. Haka ma in aka ce za a yi maka ƙarin girma kyauta zuwa ɗaki na gaba. Girman na farashi ne, yana iya ɗauke ka daga tsakiyar jirgi ya kai ka goshi. Kafin ka tura ko sisi, ka sa dillalin ya rubuta maka lambar hawa da lambar ɗaki, ya kuma sa a takardar cewa kada a canja maka ba da saninka ba.