Garin neman gira kada a rasa ido: abin yi idan allon tsohuwar kwamfuta ya ƙi haske bayan an ƙara mata kaya

A birnin Damagaram, daga Birni zuwa Zango har kewayen kasuwar Dole, akwai ɗimbin iyalai da abincinsu ya rataya ga kwamfuta guda ɗaya. Ita ce ke buga takardun neman aiki, da katunan ɗaurin aure, da littattafan ƙarshen karatu na ɗaliban Jami'ar André Salifou. Akasarin waɗannan na'urori ƴan gwanjo ne, samfurin Dell ko HP ko Lenovo, da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mana, wasu ta hanyar Kano, wasu ta Yamai.

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, kana ya rufe babin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu irin waɗannan na'urori suka shiga tunani. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihu, saboda haka sai mutum ya sayo sandar RAM, wadda masu gyara ke kira baret, ko katin hoto, ya ƙara wa tsohuwar. A nan ne sau da yawa ake cin karo da masifa: a danna maɓalli, fanka ta yi ta juyawa, fitila ta kama, amma allo baƙi ƙirin. Galibi kwamfutar ba ta mutu ba, kuma mai haƙuri yana iya gano cutar da kansa idan ya bi matakai ɗaya bayan ɗaya.

A fara da waya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mafi sauƙin gyara. Kwamfutar ofis tana da ramin allo a jikin uwar kati, wato babban faifan da kome ke manne da shi. Da zarar an sa sabon katin hoto, yawancin na'urori suna kashe wancan rami na asali, hoto ya koma fita ta ramin sabon katin, wanda ke can ƙasa a bayan akwati. Wanda ya mayar da waya inda ya saba, ba zai ga kome ba. Bayan haka a duba maɓallan allon, a tabbata an zaɓi ƙofar da wayar ta shiga.

Abu na biyu shi ne irin wayar. VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, kuma har yau ita ce ke kan mafi yawan tsofaffin allunanmu. DVI ta zo a 1999, daga baya HDMI da DisplayPort suka biyo. VGA tana ɗauke da hoto ta tsohuwar hanya, ta hawa da saukar ƙarfin lantarki, su kuwa HDMI da DisplayPort da lambobi suke aiki. Tun daga 2016 mafi yawan sababbin katuna sun daina fitar da tsohon sigina. Dalili ke nan ɗan mahaɗin nan mai arha da ake maƙalawa tsakanin DVI da VGA ba ya aiki a kansu: sai an nemi mahaɗi mai ƙwaƙwalwa a ciki, wanda ke juya siginar. Idan kuwa hoto ya fito amma ya rine, ya yi ruwan hoda ko ɗorawa, a leƙa kan wayar VGA. Allurai uku na farko su ke ɗauke da ja da kore da shuɗi. Ɗaya ta lanƙwashe, launinta ya ɓace.

Baret da ba ta zauna ba

Kwamfuta ba ta nuna kome muddin ba ta ga RAM ba. Wasu na'urori suna yin ƙara, wasu kamar Dell suna kifta fitila ruwan lemo, kuma ma'anar kowace alama ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Sai a zare wayar wuta, a fitar da baret duka, a goge haƙoransu na zinariya da gom ɗin ƴan makaranta, a mayar da tsohuwar ita kaɗai, a danna har maƙallan gefe biyu su rufe da kansu. Idan hoto ya dawo, a ƙara sabuwar. Ta haka ake gane mai laifi.

A kula, DDR2 da DDR3 duka haƙora 240 gare su, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. DDR4 kuwa 288 gare ta. Wanda ya tilasta wata a ramin wata zai karya ramin. Haka nan kowace uwar kati tana da iyakar abin da take iya ɗauka, kuma tsofaffi da dama ba su gane baret mai girma ko da ta shiga daidai. Lambar samfurin da ke jikin akwati ita ce za a nuna wa mai sayarwa tun kafin a biya kuɗi.

Wuta: ta cikin akwati da ta gari

Ramin da katin hoto ke zama ba ya ba da abin da ya wuce wat 75. Katin da ke buƙatar ƙari yana da nasa rami mai ƙofa 6 ko 8, kuma tilas a jona masa waya daga akwatin wuta. To, siraran kwamfutocin ofis ƙaramin akwatin wuta gare su, sau da yawa bai kai wat 300 ba, kuma ba shi da wannan waya. Alamar rashin isasshiyar wuta ita ce allo ya ɗauke ana tsakiyar aiki, ko na'ura ta mutu ta sake tashi da kanta.

Akwai kuma tarko ga kayan da suka fito daga Amurka: wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan maɓalli a baya, mai lamba 115 da 230. Wutar ƙasarmu bolt 220 ce. Wanda ya jona yana kan 115 zai ji ƙara da ƙauri.

Wutar gari ma tana da nata rabo. Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna shan wuta daga layin da ke fitowa Katsina ta Gazawa, kuma kowa yana tune da yadda Nijeriya ta katse ta a watan Agusta 2023, ba ta dawo ba sai a Maris 2024. Yawan ɗaukewa da dawowa, da aiki da ƙananan injinan janareto, suna gajiyar da akwatin wuta da allo. Mai son na'urarsa ta daɗe ya fara sayen ondilar ko na'urar daidaita wuta kafin katin hoto.

BIOS da manhaja

Idan duk wannan bai yi ba, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, a dakata mintoci kaɗan, a mayar. Wannan yana sa BIOS ta manta tsohon tsari ta sake ƙidaya kayan da ke cikinta. A sani kuma, wasu sababbin katuna an ƙera su ne don UEFI, magajiyar BIOS, kuma ba su jituwa da tsohuwar uwar kati sai an sabunta ta, wani lokaci ma ko an sabunta.

Wani ciwon daban ne: tambarin kamfani ya fito, amma da Windows ta fara tashi sai allo ya mutu ko ya rubuta cewa siginar ta wuce iyakarsa. A nan kayan lafiya lau suke. Ko dai manhajar da ke tuƙa tsohon katin, wadda ake kira pilot, tana rikici da sabon, ko an zaɓi girman hoto da allon ba ya ɗauka, misali 1920 da 1080 a kan allo mai 1366 da 768. A tayar da na'ura cikin yanayin kariya: a Windows 7 da maɓallin F8, a Windows 10 kuwa shafin gyara yana fitowa da kansa idan tashi ya katse sau biyu ko uku a jere. A goge tsohon pilot, a ɗauko sabo daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel, a sa allo kan 60 Hz.

Hattara da jabu

Araha ba ta ado. An daɗe da gano katuna na jabu a kasuwannin duniya: a ɗauki tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa suna a ƙwaƙwalwa, a sayar da shi a matsayin GTX 1050 Ti. Irin wannan kati yakan nuna hoto, amma ya riƙa tsayawa ko zana layuka da zarar aiki ya yi nauyi. Ramin VGA a jikin katin da ake cewa sabo ne abin tuhuma ne, kuma manhajar GPU-Z ta kyauta tana tona asirin da yawa daga cikinsu. Mai saye ya nemi a gwada a gabansa, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa.

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗa. Cikin hunturu iska ta bushe, jikin mutum yana tara lantarkin da ke iya kashe baret ba tare da an ji kome ba, don haka a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kaya. Ƙura tana toshe fanka da ramuka, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Katin da ya yi zafi yakan watsa ɗige-ɗige a allo kafin ya ɗauke. A riƙa hure akwati, a ɗaga shi daga ƙasa.

Daga ƙarshe, mai karatu ya san abin da yake nema. Buga takardu ba ya buƙatar katin hoto. Ƙarin RAM da faifan SSD sun fi amfani nesa ba kusa ba. Kuma babu katin da zai sa na'urar da ba ta da TPM 2.0 ta cika sharuɗɗan Windows 11. Kafin a kwance ko da kusa ɗaya, a kwafe aikin mutane a ajiye gefe, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, kuma kada a rabu da tsohon kaya sai sabon ya yi mako yana aiki.