Baƙin Sallah a Mallawa: yadda ake shirya ɗakin da za su kwana lafiya

Duk lokacin da Babbar Sallah ta gabato, garuruwan kudancin jihar Damagaram suna cika da ƴaƴansu da ke zaune a nesa. Ƙaramar hukumar Mallawa, wadda a da take cikin gundumar Magarya kafin a ƙirƙiro gundumar Dungas a shekara ta 2011, tana kusa da iyakar Najeriya, saboda haka baƙinta daga ɓangarori biyu suke zuwa: ma'aikata da ɗalibai daga Damagaram da Yamai, ƴan ci-rani da ƴan kasuwa daga Jigawa da Kano. Da yake a Nijar an saba gasa ragon layya ranar Sallah a raba naman washegari, baƙo yakan yi kwana biyu ko uku, wani ma har mako.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ne. Amma baƙon da ya kwana yana kokawa da sauro, ko ya tashi da ciwon kai saboda warin maganin ƙwari, fara'ar maigida kaɗai ba za ta warkar da shi ba. Abin da baƙo yake buƙata ba ya cin kuɗi da yawa: iska mai kyau, gidan sauro, ruwa mai tsabta da wurin da zai sake.

A fara da fitar da buhuna

A gidaje da dama, ɗakin da ake ba baƙo shi ne wurin ajiyar amfanin gona a sauran watannin shekara: wake, gero, gyaɗa da riɗi. A nan ne haɗari mafi girma yake. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhunan wake, irin su Phostoxin, tana sakin iska mai guba da zarar ta haɗu da laimar iska. Wannan guba tana ratsa buhu ta cika ɗaki, kuma tana iya kashe mai barci, musamman ƙaramin yaro. Kada a kwantar da kowa a ɗakin da ke da buhunan da aka sa wa ƙwayar, ko a ɗakin da ke manne da shi idan akwai kafa a bango. A fitar da buhunan zuwa wani wurin da ba a kwana, a buɗe ƙofa da taga na kwanaki, aƙalla mako guda kafin baƙi su iso. Taki, maganin feshi na gona da jarkar man fetur su ma a fitar da su.

Mai son ya huta da wannan matsala a baɗi yana iya komawa ga buhun PICS mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira, cibiyar binciken noma ta INRAN kuma ta yi aiki a kansa a Maraɗi. Idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin wake suna mutuwa don rashin iska, ba tare da an sa magani ba.

Bayan an kwashe kaya, a share ɗakin tun daga rufi har ƙasa, a toshe ramukan ɓera da tsagar bango inda kunama take ɓuya. A shanya katifa da tabarmi a rana, a kakkaɓe su. Idan gadon yana da kuɗin cizo, a fitar da shi waje a kwarara masa tafasasshen ruwa a gaɓoɓinsa. A guji yayyafa fiya-fiya ko wani maganin gona a kan shimfiɗa.

Gidan sauro ya fi sabon zanen gado

Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kwana 10 zuwa 11, don haka Sallar tana matsowa gaba kowace shekara. A 2025 ta zo a farkon watan Yuni, a 2026 kuma a ƙarshen watan Mayu, wato tsakanin ƙarshen bazara da ruwan farko. Sauro bai kai yawan da yake yi a watan Agusta da Satumba ba, amma yankin yana da tafkuna da fadamu, kuma cizo ɗaya ya isa ya kwantar da yaro. Mutanen wannan yanki sun san abin da zazzaɓin cizon sauro yake yi: a watan Satumban 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa a sashen yara na asibitin Magarya ana rasa kimanin yara 10 kowace rana, galibi saboda zazzaɓin da tamowa.

Sauron da ke ɗauke da cutar yana cizo ne daga faɗuwar rana zuwa asuba. Kowace shimfiɗa ta samu gidan saurontan mai magani, wanda za a iya cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Idan sabo ne, a rataye shi a inuwa awa 24 kafin a kwana cikinsa, don kada ya sa ƙaiƙayi. Idan tsoho ne, a ɗinke hujojinsa, a wanke shi da sabulu na gari, a shanya shi a inuwa, domin rana tana rage ƙarfin maganin. Idan gidajen sauron ba su isa kowa ba, mata masu juna biyu da yara ƴan ƙasa da shekara 5 su ne na farko.

Zafi, hayaƙi da haske

A watan Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40, ɗaki kuwa yana riƙe zafi har cikin dare. Yawancin baƙi za su fi son kwana a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa. A tanadi sanduna huɗu ko igiya tun da wuri don rataye gidan sauro a waje, a kuma bar ɗakin a shirye ko da hadari zai taso cikin dare.

Turaren wuta yana daga cikin karramawa, amma a turara ɗakin da yamma a fitar da kaskon kafin a kwanta. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Haka kurfotin shayi, wurinsa waje ne. A ajiye wa baƙo tocila ko fitila mai aiki da hasken rana a gefen shimfiɗa, saboda fita bayan gida da dare, a kuma nuna masa inda zai yi cajin wayarsa.

Ruwa da sutura

Baƙon da ya saba da ruwan famfo na birni, cikinsa yakan ɓaci da ruwan rijiya. A wanke randa, a rufe ta, a keɓe mata moɗa guda. Ruwan da yara za su sha a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardar, a jira minti 30. A ɗaki a ajiye buta, sabulu, bokiti da dardumar salla, a nuna wa baƙo alƙibla. A wanke bayan gida, a rufe bakin masai, a gyara zanar makewayi idan ta yage.

Rabon ɗakuna shi ma yana da tsarinsa na gargajiya. Maza baƙi suna sauka a zaure ko shagon da ƙofarsa ke kallon waje, mata da yara suna shiga cikin gida wajen uwargida. Suruki kuwa a ba shi wurin da zai shiga ya fita ba tare da ya riƙa haɗuwa da iyayen matarsa ba, tun da kunya za ta hana shi neman ko da ruwan alwala. Labule a ƙofa da ƙusa biyu a bango don rataye kayan Sallah sun wadatar. Tsoho ko mai ciwon gwiwa a ba shi gado maimakon tabarma, a wurin da ke kusa da makewayi.

Addinin Musulunci ya ware wa baƙo kwana uku na liyafa, amma bai ce a ci bashi ba. A shekarar da farashin rago da na hatsi suka matse magidanta, aron katifa ko gidan sauro daga maƙwabci ba abin kunya ba ne. Abu na ƙarshe da ya kamata maigida ya sani shi ne hanyar zuwa cibiyar kiwon lafiya ta CSI mafi kusa da lambar mai babur ɗin da zai iya kira da dare. Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira sai an gama bukukuwan Sallah.