Wuf: Daga Farautar Shaho Zuwa Zancen Aure

Duk wanda ya taɓa ganin shaho ya sauko kan ɗan tsako ya san ma'anar "wuf" tun kafin a bayyana masa. Kaza na tsakar gida tana tono, inuwa ta gitta, kafin ta ɗago kai an tafi da ɗanta. Wuf ba gudu ba ne, domin gudu yana da nisa, kuma ba sauri ba ne, domin ana iya yini ana sauri. Motsi ne guda ɗaya, gajere, na ba-zata. Shi ya sa ake cewa "ya yi wuf ya miƙe", amma ba a cewa mutum ya yi wuf daga Kano zuwa Zariya. Kalmar tana cikin dangin da masana harshe ke kira amsa-kama, tare da caraf da farat da zumbur. Alamarsu a bayyane take: galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, su kuwa waɗannan da baƙi suke tsayawa, kamar an datse numfashi. Kowace da gurbinta. Zumbur na tashi ne, farat ta fi zama a tsoma baki cikin magana, caraf ta cafkewa ce.

A 'yan shekarun nan matasa sun ja kalmar zuwa fagen aure. Idan aka ce wane ya yi wuf da wance, ana nufin ya aure ta tun sauran manema suna jan ƙafa. Wasu dattawa na ganin wannan lalata harshe ne. Ban yarda ba. Sarar ba ta karya ƙa'ida ko ɗaya ba, ginin "yi wuf da" na nan yadda aka gada, kuma jigon ma'anar bai gusa ba: gaggawa, ba-zata, da riga wani. Haka "ci" ya tashi daga tuwo ya kai ga cin kasuwa da cin zaɓe, ba wanda ya ce an ɓata Hausa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa kalmar tana mai da mace ɗan tsako. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ko da yake 'yan mata ma suna cewa za su yi wuf da saurayi. Masu amfani da ita kuma sun san iyakarta. A zaure, ranar neman aure, wakilin ango "muna nema wa ɗanmu" yake cewa, wuf kuwa sai abokan ango sun koma majalisarsu.