Wa Ya Mallaki Hoto Mai Motsi a Shafin Intanet?

Ɗalibin da ke kallon bidiyon masuntan Argungu suna rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, ba lalle ne ya san cewa an shafe shekara 13 ana shari'a kan dabarar sarrafa irin wannan bidiyo a cikin shafin intanet ba.

A 1998 hukumar Amurka ta ba Jami'ar Kalifoniya takardar mallakar wannan dabara, kamfanin Eolas na Michael Doyle kuma ya riƙe izinin cin gajiyarta. A 1999 Eolas ya kai ƙarar Microsoft, a 2003 kotun Shikago ta ce a biya shi dala miliyan 521.

Abin ya shafi kowa. A 2006 Microsoft ya sauya manhajarsa ta Internet Explorer, ya zama sai mutum ya fara dannawa sau ɗaya kafin maɓallan bidiyo su amsa masa. An sasanta a 2007, aka cire wannan cikas a 2008.

Eolas ya sake kai ƙarar Google da Amazon. A 2012, a jihar Texas, Tim Berners-Lee, wanda ya ƙago yanar gizo, ya ba da shaida cewa manhajar Viola ta Pei-Yuan Wei ta riga yin hakan. Kotu ta rushe da'awar Eolas.

Doka ba ta mallaka wa mutum abin da wani ya riga shi ƙirƙira kuma ya bayyana wa jama'a. Saboda haka duk ɗalibin da ya ƙago wani abu, ya rubuta shi, ya sa kwanan wata.